Dodon Majigi a Ɗakin Yaranmu

 

Ya ku iyaye maza da mata masu karanta wannan mujalla, akwai wata tambaya da ta yawaita a zangunanmu na birnin Accra, wanda mu muke kira Ankara, tun daga Nima da Mamobi har Sabon Zango da Fadama. Tambayar ita ce: shin ya dace a bar yara su kalli waɗannan fina-finai na ƙattan dodanni, wato su Godzilla da King Kong da danginsu? Masu tambayar sukan zo da hujjarsu a hannu tun kafin a ba su amsa. Sukan ce ai babu tsiraici a ciki, babu rawa da waƙa irin ta fina-finan Indiya, babu boka da tsafi irin na fina-finan Kumasi da Legas, dabbobi ne kawai guda biyu suke kokawa. Wannan hujja tana da ƙarfinta, ba na kuwa raina ta, domin uwar da ta wuni a kasuwa ta dawo ta ɗora tukunya tana bukatar abin da zai zaunar mata da yara wuri ɗaya, ya hana su yawon lungu bayan magariba.

Ni dai ba mufti ba ne, maganar hukuncin hoto da majigi a shari'a kuwa na bar wa malamanmu, sun yi bayani a kanta, sun kuma yi saɓani. Abin da nake da shi na faɗa ya samo asali ne daga abubuwa biyu. Na zauna na kalli da yawa daga cikin waɗannan fina-finai tun daga farko har ƙarshe, abin da galibin iyayen da ke tambaya ba su sami sukunin yi ba. Sannan a gidan liman na tashi, inda ake kawo yara masu firgita da dare domin a yi musu tofi.

Mutane da yawa sun ɗauka Godzilla ɗan Amurka ne, alhali kuwa a ƙasar Japan aka haife shi, kuma cikin makoki aka haife shi. A ranar 1 ga Maris 1954 Amurka ta gwada wani bam na nukiliya a tsibiran Bikini da ke tekun Pasifik, wanda ƙarfinsa ya ninka na Hiroshima kusan sau dubu. A can nesa akwai wani jirgin masunta na Japan mai suna Daigo Fukuryu Maru, ɗauke da mutum 23. Wata farar toka ta yi ta zubo musu kamar yayyafi, ba su san ko mece ce ba, suka koma gida da ƙuna a fata da zubewar gashi, kuma a watan Satumba na wannan shekara mai kula da rediyon jirgin, Aikichi Kuboyama, ya mutu. Mutanen Japan, waɗanda shekara 9 ke nan kacal da ganin abin da ya sami Hiroshima da Nagasaki, suka shiga tsoron cin kifi, wanda shi ne cimarsu. A watan Nuwamba na 1954 ɗin kamfanin Toho ya fitar da fim ɗin farko, wanda Ishiro Honda ya ba da umarni, mutumin da ya yi aikin soja, ya kuma ratsa ta kufan Hiroshima a hanyarsa ta komawa gida bayan yaƙi. Fim ɗin ya buɗe ne da wani jirgin ruwa da haske ya cinye a tsakiyar teku, kuma babu ɗan Japan da ya bukaci a fassara masa abin da ake nufi. Dodon da gwajin bam ya tayar daga ƙarƙashin ruwa, shi ne bam ɗin kansa aka yi masa ƙafafu da wutsiya.

Game da sunan ma akwai abin da ya kamata kowane uba ya sani. Asalinsa Gojira ne, haɗin kalmomi biyu na Japananci, ɗaya tana nufin goggon biri, ɗaya tana nufin babban kifin nan na teku. Da za a kai shi kasuwar waje aka rubuta shi Godzilla. Yaranmu da suke karatun Turanci a makarantun boko suna ganin haruffa uku na farkon sunan su ɗauka ana nufin ubangiji, har na taɓa jin wani yaro yana rantse wa abokinsa cewa ma'anar sunan ita ce ubangijin dodanni. Wannan ruɗani ne da magana ɗaya take warware shi, in an sami mai yin ta.

Mu da muka yi ƙuruciya a ƙarshen shekarun 1990 mun tarar da zamanin manyan silima ya shuɗe. Labarin silimar Dunia ta Nima da Orion ta Sakel a bakin kawunnanmu muka ji shi. Abin da muka tarar shi ne gidajen bidiyo: ɗaki guda mai benci da talabijin, da labule a ƙofa, da wani ƙaton zane a waje da aka yi da fenti a kan buhun fulawa. Masu zanen nan sau da yawa ba su ma kalli fim ɗin ba, sai su ƙara wa maciji kai, su ƙara wa dodo haƙora, domin jawo 'yan kallo. A yau waɗannan buhuna sun zama kayan tarihi da Turawa suke saye da tsada. Mahaifinmu bai yarda mu shiga irin waɗannan wurare ba, saboda haka ni da kunne na fara sanin Anaconda da Godzilla na 1998. Akwai wani abokinmu a makarantar allo, gwanin ba da labari, wanda yakan kwashe fim tun daga farko ya juye mana shi a bakin famfo, da motsin hannu da kwaikwayon ruri. Ban taɓa yin mafarkin tsoro saboda labarinsa ba. Sai da na shiga sakandare na ga abin da idona, kuma a ranar na gane cewa dodon da abokina ya ba ni ƙarami ne ƙwarai a kan wanda yake cikin akwatin.

Wannan bambanci shi ne tushen maganata, saboda haka bari in ɗan daɗe a kansa. Mu Hausawa ba baƙin dodo ba ne. Tatsuniyoyinmu cike suke da shi: Dodo mai haɗiye gari da shanunsa, Dodo mai tare rafi ya hana 'yan mata ɗiban ruwa, Dodo mai zuwa neman aure da siffar kyakkyawan saurayi. Labarin kafuwar ƙasashenmu ma da macijin rijiyar Kusugu ta Daura ya fara, wanda ba ya barin a ɗebi ruwa sai ranar Juma'a, har Bayajida ya sare masa kai. To me ya sa kakanninmu suka ciyar da yara da irin waɗannan labarai ɗaruruwan shekaru ba tare da sun illata su ba? A ganina dalilin yana ga mai ba da labarin. Kaka tana magana ne idonta yana kan fuskar jikanta. In ta ga ya fara maƙalƙale mata, sai ta rage wa Dodo murya, ta sako Gizo ya yi wata wauta a yi dariya. Yaron kuma shi ne yake zana dodon a zuciyarsa, kuma zuciya ba ta zana abin da ya fi ƙarfin ɗaukarta. A ƙarshe auta, ko wata yarinya marainiya, ko wani ɗan tsuntsu, shi ne yake kayar da Dodo, a tsaga cikinsa mutanen gari su fito da ransu, a rufe da ƙurunƙus, yaron ya yi barci a jikin wadda ta tsorata shi. An ba shi tsoro gwargwadon cikinsa, an kuma ba shi maganinsa a zama ɗaya.

Dodon majigi kuwa ba ya kallon fuskar kowa. Ɗaruruwan ƙwararru ne suka share watanni a gaban kwamfuta suna gyara kowace ɓawon fatarsa da kowane ɗigon yawunsa, suna auna sautin rurinsa domin ya girgiza ƙirjin baligi mai shekara 30 a cikin babban zauren silima. Godzilla na 1954 an ƙaddara tsayinsa mita 50, na 2021 kuwa ya kai kusan mita 120. Wannan shi ne abin da muke ajiyewa a gaban yaron da bai gama sanin damansa da hagunsa ba.

Akwai wata baiwar Allah da ta taɓa kawo wa mahaifinmu ɗanta mai shekara 5. Yaron ya daina fitsarin kwance tun yana ɗan shekara 3, sai ga shi ya koma yi. Da magariba ta yi ba ya yarda ya fita tsakar gida, balle a kai shi bayan gida, wanda a gidajenmu na haya kowa ya san sai an ratsa lungu mai duhu. In babbar mota ta wuce ta titi ƙasa ta ɗan motsa, sai ya ƙwalla ihu. Uwar ta riga ta yanke cewa aljanu ne, har maƙwabta sun fara ba ta sunayen masu magani. Malam ya ɗora yaron a cinya ya yi masa tofi, sannan ya juya ga yayyensa biyu da suka rako su, ya tambaye su a hankali abin da suke kallo da dare. Ashe akwai wani guntun bidiyo a wayar babban, wanda bai wuce 'yan mintoci ba, inda ƙaton biri yake tsaga wata dabba gida biyu, kayan cikinta suna zubo masa a ka. Kullum sai sun maimaita shi suna dariya, ƙaramin yana kwance a bayansu kamar mai barci. Malam ya ce a ci gaba da karanta masa Falaƙi da Nasi a lokacin kwanciya, a goge bidiyon, uwar kuma ta riƙa kwantar da shi a jikinta har ya saki. Ya kuma tunatar da yayyen, ba tare da tsawa ba, cewa Manzon Allah (SAW) ya hana Musulmi ya firgita ɗan'uwansa ko da wasa, kamar yadda ya zo a Sunan na Abu Dawuda, a ƙissar sahabin da aka ɗauke wa kayansa yana barci. Cikin 'yan makonni yaron ya warware. Na san wannan wurin sarai, yana kusa da farkon Godzilla x Kong: The New Empire na 2024, fim ɗin da iyaye suke cewa ai dabbobi ne kawai.

Binciken masana ya zo daidai da abin da Malam ya gane da basira. Wata farfesa a Jami'ar Wisconsin ta Amurka mai suna Joanne Cantor ta share shekaru tana nazarin abin da ke tsorata yara a talabijin. Ta gano cewa yaran da ba su kai kimanin shekara 7 ko 8 ba siffa ce take firgita su: abu mai muni, mai girma, mai rikiɗewa, ko da kuwa a cikin labarin shi ne na kirki. Ta gwada wannan da shirin Hulk, inda ƙananan yara suka fi tsorata a daidai lokacin da mutumin ya rikiɗe ya zama koren ƙato, alhali ya rikiɗe ne domin ya yi ceto. Kuma gaya wa irin wannan yaro cewa ai ƙarya ce ba ya yi masa amfani sosai, abin da yake yi masa amfani shi ne a rungume shi, a kawar da shi daga wurin. Yaran da suka ɗara haka kuwa sun san dodo ƙarya ne, sai tsoronsu ya koma kan abin da zai iya faruwa da gaske, kamar gobara da ambaliya da mutuwar iyaye. Mai karatu zai lura cewa wannan iyaka ta shekara 7 ita ce dai wadda malaman fiƙihu suke ambata a maganar tamyizi, kuma ita ce shekarar da aka umarce mu mu fara horon yaro da salla.

Wani zai ce ai akwai alamar shekaru a jikin kowane fim. Gaskiya ne. Waɗannan fina-finai na Amurka na baya-bayan nan, na 2014 da 2019 da 2021 da 2024, duka alamar PG-13 suke ɗauke da ita, wato gargaɗi ga iyaye game da yaran da ba su kai 13 ba. A 1984 aka ƙirƙiro wannan alama, bayan iyaye a Amurka sun koka kan wasu fina-finai da aka ce na iyali ne suka tarar da ta'asa a ciki. Mu ma nan Gana muna da doka mai lamba 935 ta 2016, wadda ta kafa Hukumar Fina-finai ta Ƙasa, ta kuma tanadi rarraba fina-finai bisa shekarun masu kallo, kamar yadda Kano take da hukumarta ta tace fina-finai tun 2001. To amma alamar shekaru tana aiki ne a inda akwai ƙofa da mai tsaronta, kamar silimar Silverbird ta Accra Mall, ko gidan da yara suke da ɗakinsu daban. Mu kuwa ɗaki ɗaya ne da baranda, nan ne falo, nan ne wurin cin abinci, nan ne wurin kwana. Abin da ɗan shekara 14 ya kunna, ɗan shekara 4 ya gani, jaririn da ke goye ma ya ji rurin. Fim ɗin kuma ba ta ƙofa yake shigowa ba, ta waya yake shigowa, daga hannun aboki zuwa hannun aboki, kuma sau da yawa an riga an yanke labarin an zubar, an bar wuraren faɗan zalla. Babu hukumar da za ta iya shiga aljihun ɗanka, sai kai.

Sai dai abin da ya fi damuna game da manyan yaran wani abu ne daban, kuma ban cika jin iyaye suna ambatonsa ba. A fim ɗin 2021 an ragargaza birnin Hong Kong, a na 2024 an yi kokawa a kan dalar Fir'auna da ke Masar, aka ƙare a birnin Rio na Barazil. Benaye masu hawa arba'in da hamsin suna zubewa kamar kasko, ana ta kiɗa mai daɗi, amma ba za ka ga gawa ɗaya ba, ba za ka ga uwa tana tona ƙasa da hannu tana neman ɗanta ba, ba jana'iza, ba zaman makoki. Da gangan aka yi haka, domin in aka nuna jini da gawarwaki alamar shekarun za ta hau sama, 'yan kallo su ragu. Ke nan abin da ya sa aka ce fim ɗin ya dace da matasa shi ne ainihin abin da nake tsoro a cikinsa: ana koya wa ido ya ga halakar dubban mutane ya ji daɗi.

Mu mutanen Ankara mun san yadda rushewa take. Mun ga benen kantin nan da ya rufta a Achimota a watan Nuwamba 2012, aka yi kwanaki ana tono. Mun ga daren Laraba 3 ga Yuni 2015, lokacin da ruwan sama ya cika babbar kwatar Nima da kogin Odaw, mutane suka fake a gidan mai na Sakel, wuta ta bi man da ke kan ruwa ta tashi, fiye da mutum 150 suka rasu. Har yau akwai gidaje a zango da hadari in ya haɗu uwar gida ba ta iya zama. Wata 'yar yayana, tana da shekara 11 a lokacin, muna kallon faɗan Hong Kong, ƙannenta maza suna tsalle suna kirari, sai ta juyo ta ce da ni: "Baba ƙarami, mutanen da ke cikin gidajen nan fa, sun fita?" Na ce mata masu fim ɗin sun nuna wasu suna gudu, amma gari irin wannan ba ya ƙarewa da gudu cikin sa'a guda. Ta yi shiru, ba ta ƙara kallon allon da irin idon da ta fara ba. Wannan tambaya tata ita ce nake so ta rayu a zuciyar yaro, kuma ina tsoron cewa in ya kalli irin wannan sau hamsin babu mai tanka masa, za ta mutu ba tare da kowa ya sani ba.

Shi ya sa, ko da abin zai ba wasu mamaki, na fi natsuwa in zaunar da matashi ɗan shekara 13 ko 14 a gaban fina-finan Japan masu nauyi fiye da na Amurka masu sauƙi. A na 1954 akwai asibiti cike da masu rauni, akwai likita yana auna yara da na'urar gano gubar nukiliya, akwai wata uwa da ta rungume 'ya'yanta a gindin gini wuta tana matsowa. A Godzilla Minus One na 2023, wanda Takashi Yamazaki ya shirya, ya kuma ci kyautar Oscar ta ƙwarewar haɗa hoto a 2024, labarin wani matuƙin jirgin yaƙi ne da aka tura ya kashe kansa ya ƙi, ya dawo Tokyo ya tarar iyayensa sun mutu, ya ɗauki nauyin wata mata da wata jaririya marainiya waɗanda ba danginsa ba. A nan in gini ya faɗi ana kuka, kuma fim ɗin yana ƙyamar gwamnatin da ta mayar da ran talaka arha. Akwai abin da Musulmi zai tsaya ya gyara a ciki, kamar zaman namiji da mace a gida ɗaya babu aure, ko da yake ba a nuna wata alfasha ba. Amma matashi zai tashi daga gabansa ya san cewa rai yana da tsada. Ƙaramin yaro kuwa kada ya kusance shi ko kaɗan.

Akwai kuma ɓangaren aƙida, wanda bai kamata a kumbura shi ba, bai kuma kamata a share shi ba. A fina-finan Amurka na yanzu, musamman na 2019, ana kiran dodannin da sunan tsofaffin allolin Girka, ana nuna mutanen dā suna bauta musu, ana kuma nuna cewa su ne masu daidaita duniya, ɗan Adam ba shi da mafita sai ya fake a bayan ɗayansu. Mothra, ƙatuwar malam-buɗe-littafi, tun fitowarta a 1961 tana da masu yi mata waƙar bauta. Ban ce yaron da ya kalli wannan zai yi shirka ba, yaranmu sun fi haka wayo. Abin da na lura da shi ya fi wannan siriri: a makarantar allo, in malami ya zo bayanin Yajuju da Majuju, ko dabbar da Suratun Namli ta ambata za ta fito daga ƙasa a ƙarshen zamani, ko Jassasa ta hadisin Tamimud Dari, sai ka ji yaro ya ce kamar Godzilla ke nan. Hoton majigi ya riga ya zauna a gurbin da ya kamata a bar shi a buɗe, kuma gaibun da aka umarce mu mu yi imani da shi ya koma sahu ɗaya da abin da aka ƙaga domin sayar da tikiti. Raba waɗannan biyu aikin uba ne da malami, kuma sai wanda ya san abin da yaron ya kalla zai iya yin sa.

King Kong na asali, na 1933, yana da tasa matsalar. Mutanen tsibirin baƙaƙe ne, an nuna su jahilai masu kiɗa da tsalle, suna miƙa 'yarsu hadaya ga biri, har shugabansu yana neman musayar mata shida da Baturiya ɗaya. Yaro baƙar fata da ya ga wannan yana bukatar wanda zai gaya masa wane ne ya zana shi haka, kuma a wane zamani. A gefe guda, adalci ne in ambaci cewa a na 2021 da 2024 akwai wata yarinya kurma, wadda kurma ce ta gaske a rayuwarta, tana magana da Kong da yaren hannu, kuma na ga yadda wannan ya sa wasu yaran unguwarmu suka daina tsokanar wani kurma maƙwabcinsu, suka koma roƙonsa ya koya musu alamomi.

Abin da nake yi da 'ya'yan 'yan'uwana ba wani sabon abu ba ne. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa wata ranar idi Habashawa suna wasa da masu a masallaci, Manzon Allah (SAW) ya tsaya ya kāre Nana A'isha (RA) da mayafinsa tana kallo ta bayansa, har sai da ita da kanta ta ƙoshi. Ya bar ta ta kalla, yana tsaye tare da ita, kuma jikinsa yana tsakaninta da abin kallon. Saboda haka in za a kalli irin wannan fim a gidanmu, da rana ake kallonsa, ranar da babu makaranta, bayan an tura ƙananan wurin kakarsu. Ni nake riƙe da rimot, nakan tsayar in yi tambaya, nakan tsallake inda na san akwai ƙazanta, kuma kiran salla yana yanke kowane faɗa ko da dodon ya ɗaga ƙafa. Kafin a fara nakan nuna musu hoton Haruo Nakajima, mutumin da ya sa rigar Godzilla ta farko mai nauyin kusan kilo 100, yana tattaka ƙananan gidajen da aka ƙera domin wasan, gumi yana kwarara a cikin rigar. Ga ɗan shekara 9 ko 10, ganin fuskar mutum tana leƙowa daga wuyan dodo yana rage masa rabin tsoro. Hanawa gaba ɗaya kuwa, a unguwar da kowane saurayi yake da waya, sau da yawa tana mayar da kallon ne zuwa lungu, inda babu babba ko ɗaya.

A cikin tsofaffin na Japan akwai guda da ya fi kowanne kusa da mu, na 1971, inda Godzilla yake faɗa da wani dodo mai suna Hedorah. Daga dagwalon masana'antu da aka zuba a teku wannan dodo ya taso, yana hawa kan bututun hayaƙi yana zuƙa yana ƙara girma, kuma an shirya fim ɗin ne a lokacin da gubar masana'antu take kashe mutane a garuruwa irin su Minamata. Yana da wurare masu ban tsoro da ba na ƙananan yara ba. Na nuna wa manyan yaran gidanmu wani yanki nasa, sai wani daga cikinsu, wanda ya sha raka mahaifiyarsa sarin albasa a Agbogbloshie kafin a tashi kasuwar zuwa Adjen Kotoku a watan Yuli 2021, ya ce wannan ai ruwan Korle ne. Ya tuna baƙin hayaƙin da samari 'yan arewa suke tayarwa in suna ƙona wayoyin lantarki domin fitar da jan ƙarfe, da yadda yake kama maƙogwaro tun daga kan gada. Daga nan hirar ta bar dodo ta koma kan gubar dalma, da inda tsofaffin talabijin da kwamfutocin nan suke fitowa, da kuma ledar da mu da kanmu muke jefawa a kwatar Nima ta bi Odaw ta sauka can. Har aka kira la'asar ba mu koma kan fim ɗin ba.